Ƙibar ɗana ta fara bani tsoro, kakarsa kuma tace lafiya ce, dan Allah ku bani shawara

Maman Sadik

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema musamman wajen iyaye mata da ma'aikatan lafiya in akwai su a nan. Ɗana shekararsa 8, dama tun yana jariri mai jiki ne, amma daga bara zuwa bana abin ya wuce yadda na sani. Kwanaki muka je asibiti saboda mura aka ɗora shi kan sikeli kilo 41, likitar ta ɗago ta kalle ni tace Maman Sadik a kula fa, to layi yayi yawa ranar bata samu ta min bayani sosai ba. Tela ya gaji da buɗa masa yunifom, in ya hau bene sai ya tsaya yana haki, da daddare minshari yake, sannan bayan wuyansa yayi baƙi na dirje da soso da sabulu har na gaji baya fita. Abinda yafi ci min rai yara sun fara tsokanarsa a Islamiyya suna ce masa lukuti, yanzu ko wasa aka fita baya shiga cikinsu ya gwammace ya zauna da waya.

Ga yadda ranarsa take, ƙarfe 7 motar makaranta ta ɗauke shi, a tashi ƙarfe 2 sai lesin, ya dawo yaci abinci a gurguje adaidaita ta kwashe su zuwa Islamiyya, sai gab da magariba. Gidan haya muke a sama babu tsakar gida, kuma da halin da ake ciki yanzu bama barin yara a layi. Da safe shayi da burodi ko Indomie da ƙwai, kwandon makaranta biskit da lemon kwali, Abbansu kuma baya shigowa hannu rabbana, kullum da tsaraba, yau yogot gobe cincin jibi askirim.

Sai kuma maganar Hajiya, mahaifiyar maigidan, tare muke zaune kuma wallahi mutuniyar kirki ce bani da abin faɗa a kanta, son da take wa yaron nan ba'a magana. Amma duk sanda na rage masa tuwo sai tace zan ramar mata da miji, ƙiba ai lafiya ce da hutu, ta kira shi ɗakinta ta ƙara masa. Ni kuma bana son abinda zai haɗa ni da ita. Ku me kuke yi a gidajenku? Kuma shayin rage ƙibar nan da ake ta talla a Facebook yara suna iya sha?

Anti Nas

Wa alaikumus salam Maman Sadik, sannu da ƙoƙari Allah ya raya mana su. Ni ma'aikaciyar jinya ce ɓangaren yara nake, bari in fara da shayin nan tunda shi yafi gaggawa: dan Allah kar ki kusance shi. Galibinsu maganin wankin ciki ne da na sa fitsari, ruwan jiki kawai suke zubarwa sikeli ya nuna an ragu, kitsen yana nan inda yake, yaro kuma ruwan jikinsa yana ƙarewa da wuri fiye da babba.

Baƙin wuyan nan kuma ki daina dirza, ba dauɗa bace, ciwo kawai zaki ji masa. Muna ganinsa sosai, fatar tayi duhu tayi ɗan kauri da laushi, a wuya ko hammata ko matsematsi. Sau da yawa alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin, wato sinadarin da yake kwashe sukari daga jini ya shigar da shi inda za'a yi amfani da shi. Ba ina ce miki yana da ciwon suga bane, a'a, amma jikin yana gargaɗi, kuma abin farin cikin shine in nauyin ya daidaita baƙin kansa yakan ragu. Ki koma asibiti takanas saboda wannan maganar, ba a haɗa da mura ba. A auna tsawonsa da nauyinsa a duba a jadawalin shekarunsa dan yara ba'a musu lissafi irin na manya, a duba suga da hawan jini, sannan ki faɗa wa likita maganar minsharin. Kafin ki je ki ɗan tsaya kansa in yayi bacci ki lura ko numfashin yana ɗaukewa na ɗan lokaci sannan ya ja da ƙarfi, in haka ne ki faɗa, yana da muhimmanci.

To yanzu maganar gida. Yaro mai shekara 8 ba'a sa shi yunwa, girma yake, yana buƙatar abincinsa sau uku cif. Abinda ake nema yawanci nauyin ya tsaya cak ko ya rage gudu, tsawo kuma yaci gaba har ya kamo shi. Shi yasa nake ganin rigimar da kike da Hajiya kan tuwo ba nan yaƙin yake ba. Ni da zan zaɓa miki abu ɗaya tak da zaki fara da shi, abin sha zan ce. Lemon kwalba na 50cl yawancinsu sukarin ciki ya kai giram 50 wani ma ya haura, ƙaramin cokalin shayi kuma wajen giram 4 yake ɗauka, kinga cokali 12 zuwa 13 kenan a kwalba ɗaya. Wace uwa ce zata tsaya ta zuba wa ɗanta cokali 12 a kofi? Amma a kwalba muna miƙa musu hankali kwance. Lemon kwalin da ake sawa a kwandon makaranta shima kusan haka ne duk da hoton 'ya'yan itacen da ke jiki, ki juya bayan kwalin ki karanta. Yogot ɗin roba mai zaƙi haka, kuma kar mu ce namu na gida ya tsira, zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi yadda muke ɗura musu sukari basu da maraba. Shayin safe ma ki lissafa, ga madara ga garin koko wanda dama da sukarinsa ga kuma sukarin da aka ƙara. Matsalar abin sha shine baya ƙosarwa, yaro zai shanye ya kuma ci abincinsa daidai yadda ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sukarin da ake ƙarawa, har da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum yake samu a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 yafi. Ko gwamnatin Najeriya ai ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari a dokar kuɗi ta 2021, duk da ni banga ya hana kowa saye ba. Saboda haka ruwa ya zama shine abin shan gidanku, lemo sai ranar biki ko sallah. In yana son lemo a yanka masa lemon zaƙi ya ci da tsokarsa, ko goba ko kankana ko gwanda, wanda aka tauna yafi wanda aka matse nesa ba kusa ba.

Abinci kuma namu na gargajiya bashi da laifi. Tuwon ya zama madaidaici miyar tayi yawa, kuka, kuɓewa, taushe, zogale, alayyahu. Wake ki riƙe shi da kyau dan yana riƙe ciki, shinkafa da wake, alale, faten wake, ɗanwake a rage mai a yanka kabeji da tumatir da kokwamba. Kwaɗon zogale ko na rama, dambu da ganye. Abinda za'a ja baya da shi soye-soye ne da man da muke malalawa a garau-garau. Ita taliyar leda kowace iri ce, galibi an soya ta a mai kafin a busar, ga gishiri a garin ɗanɗanon, kuma bata daɗewa a ciki, a maida ta ta lokaci-lokaci, in za'a dafa a zuba rabin garin a cika ta da kayan lambu.

Bacci ma yana ciki mutane basu sani ba, yaro ɗan 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, wanda baya samun isasshen bacci yafi jin yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. In ƙarfe 6 yake tashi to ƙarfe 9 ta same shi a kwance kuma wayar ta kwana a ɗakinki. Motsa jiki kuma aƙalla minti 60 a rana, irin wanda zai yi gumi, ba lallai a haɗe ba.

Na tsawaita kiyi haƙuri, abu na ƙarshe, duk abinda za'a canza a canza wa gidan gaba ɗaya. Ranar da kika zuba masa nasa daban kowa yana shan lemo shi yana shan ruwa, ranar ya gane hukunci ake masa, zai fara ci a ɓoye.

Ɗan Fagge

Maman Sadik ki kwantar da hankalinki, yara nawa muka gani da ƙiba suna shiga makarantar kwana suka zazzage. Ni ina bayan kakarsa, a ƙasar da asibitoci suka cika da yara masu tamowa wanda Allah ya bawa ɗa mai jiki ai godiya ce tasa. Wannan ciwon Turawa ne.

Baban Ummi

Malam Ɗan Fagge da girmamawa ban yarda da kai ba. Eh akwai waɗanda suke zazzagewa, amma da yawa da ita suke girma, kuma wannan yaron an ce yana haki yana minshari wuyansa ya canza, wannan ya wuce a ce a jira. Maganar ciwon Turawa kuma ta daɗe da wucewa, Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙima a duniya, miliyan 160 daga ciki ƙiba ce sosai, a 1990 kashi 8 cikin 100 ne, a 2022 ya kai kashi 20. Tamowa gaskiya ce tana nan kuma abin kuka ce, amma samuwarta bata hana ɗayar samuwa ba, a gari ɗaya zaka same su wani lokacin ma a dangi ɗaya. Ka leƙa layin masu suga da hawan jini a kowane babban asibiti a Kano ko Kaduna ka gani ko Turawa ne a zaune.

Maman Sadik ni ɓangaren Abbansu zan yi magana dan nima uba ne, in da hali ki nuna masa wannan. Mu maza tsarabar nan ita ce hanyar da muke nuna wa yara ƙauna, ka wuni a kasuwa ko ofis baka gansu ba, kana so in ka shigo su rugo da gudu su karɓi leda. To ba sai an daina ba, ledar za'a canza wa kaya. Ni yanzu abinda ake yayi nake tsayawa in saya a bakin titi, lokacin mangwaro mangwaro, lokacin goba goba, kankana, ayaba, rake, dafaffiyar gyaɗa, gasasshiyar masara da damina, wani lokacin goruba ko magarya ko aduwa dan su san kayan da muka taso da su. Satin farko an yi ɓacin rai ba ƙarya, Ummi har kuka tayi, daga baya suka saba, yanzu rigimar wa zai riƙe kankana ake. Kuma aljihuna ma ya huta.

Na biyu tafiya. Masallacin unguwarmu na daina hawa mashin zuwa, da ƙafa muke zuwa magariba da isha'i ni da mazan, in an idar mu zaga ta doguwar hanya. Islamiyyarsu ba nisa na sallami mai adaidaita, yayansu yake raka su da ƙafa. Ku duba tasa in tafiyar minti 15 ce ko 20 kuma hanyar da aminci, zuwa da dawowa kinga an samu rabin abinda Anti Nas ta faɗa ba tare da an ware wani lokaci ba. Asabar da Lahadi da safe kuma filin makarantar firamaren kusa damu nake kaisu da ƙwallo, kuma nima shiga nake, dan in ka tsaya gefe kana danna waya kana cewa ku yi gudu ba mai yi. Yaron da ake tsokana musamman, shi da babansa zai fi sakewa kafin ya koma cikin sa'anninsa. Mu da muka taso muna langa da tura taya da ɓuya har a kira isha'i ba wanda ya taɓa ce mana motsa jiki muke, yanzu mun kulle su a bene saboda tsoro, kuma tsoron da dalilinsa, to dole mu muke da alhakin nemo musu madadin. Ko a falo in an ture kujeru igiyar tsalle tana aiki, 'yan mata su zana 'yar gala-gala a baranda, shara da wanke-wanke da hawa da ruwa sama duk a raba musu har da mazan.

Sannan a gidana ba'a cin abinci gaban talabijin, tabarma ake shimfiɗawa a kashe komai. Yaron da idonsa ke kan katun bai san ya ƙoshi ba sai yaga kwano ba komai.

Hajiya Kakan Yara

'Yata Maman Sadik, ni jikoki gareni, jikata ce ma take rubuta min wannan ina faɗa mata. Naji daɗi da kika ce bakya son abinda zai haɗa ki da surukarki, Allah yayi miki albarka.

Ina so ki gane abinda yake zuciyarta. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984, muka ga yadda ƙyanda take shiga gida ta ɗauki yara biyu uku a wata ɗaya, a idonmu ramammen yaro shine wanda ake tsoron rasawa, mai jiki kuma shine in ciwo ya kama shi yake da abin da zai zabge ya tashi. Ki bincika a hankali, da wuya ace bata binne ɗa ko ƙani ba. To in ta ga kin rage tuwo ba tuwon take gani ba. Kuma a lokacinmu ƙibar yaro ta nono ce da fura da kunu, yana fara tafiya yana bin awaki da zuwa rafi take narkewa, bamu san lemon kwali da biskit kullum ba, shi yasa bata ga haɗarin ba.

Kar ki ce mata komai da bakinki kan tana ɓata yaro, ko da gaskiyarki zai zama surukai sun yi. Ɗanta ne zai mata magana, shima ba da sigar gyara ba. Ranar komawa asibiti ku ce Hajiya ki raka mu a duba mijinki, ta shiga har gaban likita taji da kunnenta, a nuna mata wuyan a ce mata wannan hanyar ciwon suga ce. Mu tsofaffi ciwon suga mun san shi, ƙawayenmu nawa aka yanke wa ƙafa. Wallahi in taji haka ita zata fi ki tsanani.

Sannan kar a ƙwace mata ba shi abu, a canza mata abin bayarwa. Kaka in bata ba jika komai ba ji take bata da amfani a gidan. A ajiye mata gyaɗa da dabino kaɗan da goba a ɗakinta, kuma ki roƙe ta ta koya miki dambun zogale da kwaɗo da fate irin na da, ki ce nata yafi daɗi, dama kuma ya fi. In ita ta dafa da hannunta ita zata sa shi ya ci.

In kuma ta kawo maganar rowa ce hana yaro abinci, a tuna mata da hadisin da ta sani tun kafin a haife ki, Annabi Sallallahu alaihi wa sallam yace ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, in ba makawa to kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Ɗanta ya faɗa, ba ke ba.

Maman Sadik

Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya maganarki ta sa ni hawaye dan kuwa surukata ta rasa yara biyu kafin Abbansu. Anti Nas ƙarin tambaya dan Allah, ƙanwarsa shekararta 3 ita kuma siririya ce bata son cin abinci, in aka canza abincin gidan gaba ɗaya ba zata ƙara ramewa ba? Wata maƙociyarmu ma tace in sayo mata maganin cin abinci a kemis ko gyaɗar tamowar nan ta leda, wai nan da nan zata yi kumari.

Anti Nas

Ba zata rame ba in sha Allah, abinda aka cire lemo ne da biskit da alawa, kuma su ne ma suke kashe wa irinsu cin abinci. Yarinya 'yar shekara 3 cikinta ɗan ƙarami ne, in ta sha lemon kwali ƙarfe 12 ba zata kalli shinkafa ƙarfe 1 ba. Ki tsayar mata da lokaci, abinci uku da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, ƙwai, ayaba, kunun gyaɗa, alale, nono ko madara ba sukari. Ke kike zaɓar me za'a ci da yaushe, ita kuma ki barta ta zaɓi yawan da zata ci. Ɗure da bin yaro da cokali ana sai ka cinye tas, shi yake koya musu su daina sauraron cikinsu, kuma da yawan masu ƙiba daga nan suka faro. Sirantaka kaɗai ba ciwo bace, ki ɗauki katin awonta ku tafi tare ranar da zaki kai yayanta, in layin nauyinta yana hawa daidai kuma tana wasanta to haka jikinta yake.

Maganin maƙociya kuma dan girman Allah a'a. Kala biyu ne suke yawo. Akwai cyproheptadine, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana sa bacci da jin yunwa shine aka maida shi maganin cin abinci. Ɗayan kuma yafi muni, dexamethasone, wanda ake ce wa sha ka fashe, 'yan mata suna sha dan su yi jiki wasu kuma har yara suke bawa. Wannan magani ne mai ƙarfi da likita yake bayarwa kan cuta takamaimai na ƙayyadadden lokaci. Kumarin da yake sawa kumburi ne, fuska ta zama zagayayya ciki ya fito, yana tada suga da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki da ƙashi, yana kuma tsayar da tsawon yaro. Wanda duk ya riga ya daɗe yana bawa ɗansa kar ya tsayar rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, ya kai shi asibiti a janye a hankali.

Gyaɗar tamowa kuma magani ce ba alawa ba, leda ɗaya giram 92 ce amma ƙarfin abincin da ke ciki kalori 500 ne, an yi ta ne dan yaron da tamowa mai tsanani ta kama wanda aka auna damtsensa aka tabbatar. Kyauta ake bayar da ita, duk wadda kika gani a kasuwa daga bakin wani yaro mara lafiya aka karkatar da ita. In ta shigo gidanki kuma kin san Sadik ma sai ya sha.

Waya ma ki lura da ƙaramar, 'yan shekara 2 zuwa 4 kallon waya kar ya wuce awa ɗaya a rana, ƙasa da haka yafi.

Malama Firamare

Salam Maman Sadik, ni aji uku nake koyarwa sa'annin ɗanki kenan, bari in ƙara ta ɓangaren makaranta. Kwandon da kike haɗawa ba shi kaɗai yake ci ba, ki bincika ko ana bashi kuɗin tara, Abbansu ko Hajiya, dan a bakin get akwai mai alawa da mai askirim da mai fanke da awara, kuma yara suna musanye a aji, mai dafaffen ƙwai ya bayar a bashi cakulan. Kiyi magana da malamar ajinsu a asirce zata sa miki ido. Kwandon kuma a sa abinda zai ƙoshi, alale, ɗan dankali da ƙwai, shinkafa da wake, da gorar ruwa babba. Ki bari shi ya zaɓa tsakanin abu biyu masu kyau, goba ko ayaba, in shi ya zaɓa baya dawowa da shi.

Inda na ɗan bambanta da Anti Nas shine lemo sai sallah, ni a ganina in aka kulle ƙofa gaba ɗaya yaro yana zuwa gidan biki ko gidan ƙanwar babansa zai sha na wata guda. A gidana Juma'a ce ranar zaƙi, bayan an sauko masallaci kowa ƙaramin kofi ɗaya ko askirim ɗaya, sun san da ita suna jiranta, sauran kwanaki ba mai tambaya. Abinda dai bana yi shine in ce in ka yi na ɗaya zan saya maka cakulan ko in ka yi shiru ga alawa, ladan ƙoƙari a bashi littafi ko ƙwallo ko a kaishi gidan zu.

Tsokanar kuma kar ki ɗauke ta ƙaramin abu, ita ce ta zaunar da shi da waya, kuma ina ganin yadda irin yaran nan suke komawa bencin baya su daina ɗaga hannu ko sun san amsa. Abbansu yaje ya samu shugaban Islamiyyar, malaman sun fi kowa sanin ayar da ta hana jifan juna da miyagun laƙabi a Suratul Hujurat, su ja kunnen ajin gaba ɗaya ba tare da an kira sunansa ba. A gida ma a hana, har da baƙi masu shigowa suna jan kumatunsa suna cewa wannan me kake ci haka, ki ce musu dan Allah a bari. Kar a dinga ɗora shi kan sikeli kullum, awon asibiti ya isa, kuma in zaki masa bayani ki ce duk gidan ne zamu gyara cin abinci dan mu yi ƙarfi, har Abba har Hajiya. In kun je asibitin ki roƙi likitan ya rubuta miki ko akwai wasan da ba'a so yayi saboda hakin, sai ki kawo wa malamin wasanni dan ya san yadda zai saka shi a fili.